Idan mutanen Japan suna raguwa, me ya sa ba su samu sauƙi ba?

"Malam, na daɗe ina jin ana cewa mutanen Japan suna raguwa, har gwamnatinsu tana kuka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙasar tsibirai ce, ba ta da man fetur, abincinta ma yawancinsa sayowa take yi. To ni a ganina ai raguwar mutane alheri ce gare su: bakunan ci sun ragu, gidaje za su yi araha, aiki zai wadata. Me ya sa suke ɗaukar abin kamar masifa? Kuma me ya hana su haihuwa alhali suna da kuɗi?"

Ɗan'uwa, tambayarka gida biyu ce. Na farko, me ya sa raguwar mutane ba ta zama hutu ga ƙasar da albarkatunta ba su da yawa ba. Na biyu, me ya sa masu wadata suka rage haihuwa. Aikina shi ne nazarin ƙididdigar al'umma, wato bin diddigin haihuwa da mutuwa da ƙaura, da kuma hasashen inda suke kai ƙasa. Na kuma yi wani zama a Japan ina wannan aikin, har na shiga wasu ƙauyukan arewacin ƙasar. Saboda haka zan ba ka amsa da abin da alƙaluma suka nuna, in haɗa da abin da idona ya gani.

Lissafinka ba shirme ba ne. Da a ce mutane suna raguwa ne bai-ɗaya, a cire kashi goma cikin ɗari na yara, kashi goma na matasa, kashi goma na tsofaffi, a birni da ƙauye duka, to da maganarka ta kusa zama daidai. Amma ba haka abin yake tafiya ba. Daga gindi ake raguwa. Jarirai ne ba sa zuwa, tsofaffi kuwa suna ƙara tsawon rai. Kuma ba ko'ina ake raguwa daidai ba: ƙauyuka suna zama kufai, Tokyo tana ƙara cika. Abin da ya yi wa Japan ƙaranci a yau ba shinkafa ba ce, ba kuma fili ba ne. Hannun da zai yi aiki ne.

Yadda aka zo nan

Bayan yaƙin duniya na biyu, da sojoji suka koma gida, an yi haihuwa sosai. Tsakanin 1947 da 1949 ana haifar kusan jarirai miliyan 2.7 a kowace shekara, kuma a lissafin 1947 kowace mace tana haifar sama da 'ya'ya huɗu. Ƙasar a lokacin tana cikin yunwa da rushewa, har hukumomi suna tsoron yawan jama'a, irin tsoron da ke cikin tambayarka. A 1948 aka yi dokar da ta buɗe ƙofar zubar da ciki, tsarin iyali ya bazu, cikin shekara goma haihuwa ta sauko zuwa kusan 'ya'ya biyu ga kowace mace. 'Ya'yan wancan zubin na farko da suka girma sun sake kawo wani zubin, inda a 1973 aka haifi sama da jarirai miliyan biyu. Daga nan sai gangara.

Akwai wani ma'auni da muke yawan amfani da shi: domin al'umma ta maye kanta, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, sai kowace mace ta haifi kimanin 'ya'ya 2.1 a tsaka-tsaki. Japan ta faɗo ƙasa da wannan tun tsakiyar shekarun 1970, ba ta sake komawa ba. Ba a farga da wuri ba, domin jimillar jama'a tana ta ƙaruwa. Sai da alƙaluman 1989 suka fito da 1.57 hankali ya tashi. Dalilin da ya sa wannan lamba ta girgiza su yana da ban sha'awa. A 1966 haihuwa ta faɗi ƙwarai zuwa 1.58 saboda wani camfi na tsohuwar kalandarsu, wanda ke cewa macen da aka haifa a shekarar "dokin wuta" za ta zama mai zafin hali, ta jawo wa mijinta halaka. Ma'aurata da yawa suka kauce wa haihuwa a shekarar. To ganin cewa shekarar da ba camfi, ba yaƙi, ba annoba, ta yi ƙasa da shekarar camfi, shi ya nuna musu lallai ruwa ba ya tsami banza.

Jimillar jama'a ta kai ƙololuwarta wajen 2008, da kimanin miliyan 128. A 2024 tana wajen miliyan 124. A 2016 haihuwa ta sauko ƙasa da miliyan ɗaya a karon farko, a 2022 ƙasa da 800,000, a 2024 kuma 'yan ƙasa sun haifi kimanin 686,000, alhali waɗanda suka rasu a shekarar sun kai kusan miliyan 1.6. Ka dubi wannan tazarar. Kamar a ɗauke babban birni guda ne daga taswira duk shekara.

Ga wani abu da nake yawan nanata wa ɗalibaina, domin shi ne mutane suka fi kasa ganewa. Iyayen gobe an riga an haife su. Matan da aka haifa a 1973 sun kai kusan miliyan ɗaya. Waɗanda aka haifa a 2024 ba su kai 350,000 ba. Ko da kowace ɗaya daga cikinsu ta girma ta haifi 'ya'ya biyu cif, ba za su kai 700,000 ba. Wannan yana nufin ko gobe da safe haihuwa ta koma 2.1, jama'ar Japan za su ci gaba da raguwa na tsawon shekaru gommai kafin su tsaya. Ba kasawar wata gwamnati ba ce, lissafi ne kawai.

Me ya hana haihuwa

Mutane da yawa suna zaton ma'auratan Japan ne suka ƙi haihuwa. Alƙaluma ba su nuna haka sosai ba. Ma'auratan da suka daɗe tare suna ƙarewa da kimanin 'ya'ya 1.9, wato kusan biyu. Inda gizo ke saƙar shi ne auren kansa. A Japan haihuwa ba tare da aure ba ba ta wuce kashi biyu zuwa uku cikin ɗari ba, saɓanin ƙasashe irin su Faransa da Suwidin. Saboda haka idan aure ya ragu, haihuwa ta ragu ke nan. A 1972 an ɗaura aure kusan miliyan 1.1. A 2023 bai kai 500,000 ba. Ƙidayar 2020 ta nuna cewa a cikin maza masu shekara hamsin, kimanin kashi 28 cikin ɗari ba su taɓa aure ba, mata kuma kusan kashi 18. Duk da haka idan aka tambayi matasa marasa aure, sama da kashi 80 cikin ɗari suna cewa suna da niyyar yi wata rana. Ba ƙi suka yi ba. Hanyar ce ta yi wuya.

A nan ne maganar "suna da kuɗi" take buƙatar gyara. Ƙasar tana da kuɗi, amma matashin da ya kammala karatu a shekarun 1990 ya tarar da wata Japan daban da ta mahaifinsa. A ƙarshen 1989 kasuwar hannun jari ta Tokyo ta kai matakin da ba ta taɓa kaiwa ba, farashin filaye ya yi tashin gwauron zabi, sannan komai ya rushe. Ba ta sake kaiwa wannan matakin ba sai a watan Fabrairun 2024, bayan shekara 34. Kamfanoni suka rage ɗaukar ma'aikatan dindindin, suka koma ga na kwantiragi da na wucin gadi, waɗanda yanzu sun haura kashi ɗaya cikin uku na masu aikin albashi. Albashi ya tsaya cik kusan shekara talatin. Kuma a al'adarsu har yanzu ana sa ran namiji ya samu tsayayyen aiki kafin ya nemi aure. Bincike ya sha nuna cewa namijin da ke aikin wucin gadi ya fi na dindindin zama ba aure nesa ba kusa ba. Abin takaicin shi ne wannan guguwa ta faɗa ne daidai kan 'ya'yan zubi na biyu, na farkon shekarun 1970, waɗanda suke da yawa sosai, su ne kuma aka sa ran za su kawo zubi na uku. Zubin bai zo ba.

Ta ɓangaren mata kuma lissafin daban ne. Mace ta yi karatu, ta samu aiki, amma ta san in ta yi aure ta haihu, aikin gida da reno kusan duka a kanta za su faɗo, domin mijin ba ya dawowa daga ofis sai dare ya raba. Ƙila kuma nan gaba ita za ta yi jinyar surukanta. In ta bar aiki na 'yan shekaru, da wuya ta koma matsayinta na da. Na zauna da wata ma'aikaciyar ƙaramar hukuma da ke taimaka mini da takardu, mai 'ya ɗaya, ta ce mini tana son ta biyu, amma duk lokacin da ta tuna da safiyar da take kai yarinya gidan reno a kan keke, ta ruga ta kama jirgin ƙasa, ta kuma roƙi izinin tashi da wuri duk ranar da yarinya ta yi zazzaɓi, sai jikinta ya mutu. Ba ta ambaci kuɗi ba ko sau ɗaya. Lokaci da gajiya ta ambata.

Sai kuma Tokyo. Matasa, musamman 'yan mata, suna barin garuruwansu su tafi can neman karatu da aiki, kuma can ne haihuwa ta fi ƙaranci a duk ƙasar: a 2023 ta sauko ƙasa da ɗa ɗaya ga kowace mace. Ƙauye yana renon yara ya miƙa wa birnin da gidajensa ƙanana ne, masu tsada, inda ba kaka ba kakanni da za su kama maka reno.

Mutane sun ragu, nauyi bai ragu ba

Yanzu mu dawo kan zuciyar tambayarka. Ka ce gidaje za su yi araha. Sun yi, amma a inda ba mai son zama. Binciken gwamnati na 2023 ya ƙirga kimanin gidaje miliyan tara da ba kowa a cikinsu, kusan kashi 14 cikin ɗari na duk gidajen ƙasar. Suna kiransu akiya. Wasu ƙananan hukumomi suna neman wanda zai karɓa kusan kyauta. A shekarar nan guda kuma matsakaicin farashin sabon gida a benayen tsakiyar Tokyo ya haura miliyan ɗari na yen, kuɗin Japan. Gidan da ke bayan dutse, inda makaranta ta rufe, asibiti ya yi nisa, motar haya ba ta zuwa sai sau biyu a rana, arahar sa ba ta amfanar matashin da aikinsa ke birni.

Abu na biyu shi ne akwai kuɗaɗen da ba sa raguwa don mutane sun ragu. Bututun ruwan da aka shimfiɗa wa gari mai mutum dubu hamsin, tsawonsa ɗaya ne ko da saura mutum dubu ashirin. Titi, gada, magudanar ruwa, layin lantarki, duk sai an gyara su, sai dai masu biyan kuɗin ne suka ragu, don haka kason kowa ya ƙaru. Kuma yawancin waɗannan an gina su ne a shekarun 1960 da 1970, lokacin bunƙasa, yanzu duk sun tsufa a lokaci guda. Rufin wata hanyar ƙarƙashin dutse mai suna Sasago ya rufto a watan Disambar 2012 ya kashe mutum tara, abin da ya sa aka tsaurara dokar duba gadoji da irin waɗannan hanyoyi. Amma ƙananan hukumomi da yawa ba su da isassun injiniyoyin da za su yi dubawar.

Garin Yubari a tsibirin Hokkaido shi ne misalin da kowa ke bayarwa. Garin haƙar kwal ne, wajen 1960 yana da mutum kusan 117,000. Da ƙasar ta koma amfani da man fetur, ramukan kwal suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Hukumar garin ta ci bashi ta gina wuraren yawon buɗe ido don ta riƙe mutane, abin bai yi ba, a 2007 garin ya shiga hannun gwamnatin tsakiya a matsayin wanda ya tsiyace. Aka ƙara haraji da kuɗin ruwa, aka haɗe makarantu, aka mayar da asibiti ƙaramin ɗakin shan magani. Duk wanda yake da ƙafar tafiya ya tafi, wanda ya rage nauyinsa ya ƙaru, shi ma ya fara tunanin tafiya. Yau mutanen garin ba su kai 7,000 ba. A 2014 wani rahoto da tsohon minista Masuda Hiroya ya jagoranta ya lissafa ƙananan hukumomi 896 da ke cikin haɗarin ɓacewa, kuma ma'aunin da ya yi amfani da shi ba jimillar mutane ba ce, yawan matan da ke tsakanin shekara 20 da 39 ne. A ganina ya kama daidai inda ciwon yake.

Gani ya kori ji. A wani ƙauye na jihar Akita, wadda ta fi kowace jiha tsufa da saurin raguwa, na bi wani dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai zuwa bakin magudanar da ke kai ruwa gonakin shinkafa. Ya ce mini a garin shi ne ake kira yaro, shi ake aika. Magudanar ta taso daga kan dutse, kuma duk farkon bazara sai an taru an kwashe ganye da laka da duwatsu kafin ruwa ya gudana. A da kowane gida yana ba da mutum ɗaya, kafin azahar an gama. Yanzu 'yan tsofaffi ne kaɗan, kwana da kwanaki suna yi, wani ɓangaren ma sun haƙura da shi. Gonakin da ke ƙarƙashin wannan ɓangaren sun koma ciyawa, ciyawar ta zama maɓoyar aladun daji da birai, su kuma suna shiga gonakin da suka rage. Ya nuna mini wayar lantarki da suka zagaye fili da ita, ya ce wannan ma sai an riƙa sare ciyawar da ke ƙarƙashinta, in ba haka ba ba ta aiki. Ƙasar tana nan, ruwan yana nan, irin shuka yana nan. Hannu ɗaya ne ba ya ɗaukar jinka. Da hunturu kuma akwai ƙanƙarar da ke taruwa a kan rufi, wadda dole a hau a kwashe kar gida ya rufta, kuma kusan duk shekara ana samun tsofaffin da ke faɗowa su rasu wajen wannan aikin.

Abinci da makamashi

Gaskiyarka, Japan tana dogara da waje. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar daji ne da duwatsu. Idan aka auna da ƙarfin abincin da mutane ke ci, abin da take nomawa da kanta kashi 38 ne cikin ɗari, alhali a 1965 kashi 73 ne. A 2022 makamashin da take samarwa a gida bai kai kashi 15 cikin ɗari ba, kuma lamarin ya ƙara tsananta bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris 2011, wadda ta lalata tashar nukiliya ta Fukushima ta sa aka dakatar da sauran tashoshin. Ɗanyen manta kusan duka daga Gabas ta Tsakiya yake zuwa.

To bakunan ci sun ragu, haka ne, kuma a nan akwai ɗan sauƙi da ba zan musanta ba: buƙatar makamashi ta ragu, hayaƙin da ƙasar ke fitarwa ma ya ragu. Amma manoma sun fi masu ci saurin raguwa. Waɗanda noma ne babbar sana'arsu sun kai miliyan 2.4 a 2000, yanzu ba su kai rabin haka ba, kuma matsakaicin shekarunsu ya kusa saba'in. A bazarar 2024 shinkafa ta yi ƙaranci a shaguna, zuwa 2025 farashinta ya kusa ninkawa, har gwamnati ta buɗe rumbunta na ko-ta-kwana. Dalilan suna da yawa, akwai zafin 2023 da ya ɓata amfanin gona, akwai kuma tsohuwar manufar rage noman shinkafa da aka bi tun farkon shekarun 1970 saboda mutane sun rage cinta. Amma abin lura shi ne, da farashi ya tashi, ba a samu tarin matasan da za su ruga gona su cike giɓin ba.

Kuma abin da ake sayowa daga waje da me ake biya? Da abin da masana'antu suka ƙera suka sayar, da ribar jarin da aka zuba a ƙetare, da kuma darajar yen. A 2024 sai da dala ɗaya ta kai yen 160. Ƙasar da ke sayo mai da alkama da abincin dabbobi da dala, faɗuwar kuɗinta kai tsaye take shiga tukunyar kowane gida, musamman tsohon da ke zaune a kan fansho.

Wa zai ɗauki wa

Masu shekarun aiki, daga 15 zuwa 64, sun kai ƙololuwa a 1995 da kimanin miliyan 87. Yanzu suna wajen miliyan 74. Masu shekara 65 zuwa sama sun kai kusan miliyan 36, wato kashi 29 cikin ɗari. A 1970 kusan mutum goma masu shekarun aiki ne ke bayan kowane tsoho ɗaya. Yau mutum biyu ne. Tsawon rai kuwa ni'ima ce da suka yi wa aiki: mata suna kaiwa kimanin 87, maza 81, waɗanda suka haura shekara ɗari sun wuce 90,000, alhali a 1963 su 153 ne kacal. Bai kamata a yi maganar tsofaffin nan kamar kaya ba. Su ne suka gina ƙasar daga toka.

Sai dai tsarin fansho da inshorar lafiya ga kowa da aka kafa a 1961 an gina shi ne a kan cewa masu aiki na yau su biya wa tsofaffin yau. A 2000 aka ƙara inshorar jinyar tsofaffi, wadda kowa ke fara biya daga shekara arba'in. Yanzu kimanin kashi ɗaya cikin uku na kasafin gwamnatin tsakiya a kan walwalar jama'a yake tafiya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma a kan biyan bashi, bashin da ya ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu. Harajin saye da aka fara da kashi 3 cikin ɗari a 1989 ya koma 5, ya koma 8, ya kai 10 a 2019. Kowane ƙari yana fita ne daga aljihun matashin da ake roƙo ya yi aure ya haihu. Tsofaffi kuma sun fi matasa yawa, su ne suka fi fitowa zaɓe, ɗan siyasa ya san wannan.

Ka ce aiki zai wadata. Ya wadata ƙwarai. Rashin aiki yana wajen kashi 2.5 cikin ɗari, matashin da ya gama jami'a yau kamfanoni ne ke zawarcinsa, kuma albashi ya fara motsawa. Wannan alheri ne na gaske. Amma ɗaya fuskar ita ce gidajen kula da tsofaffi suna da gadaje ba ma'aikata, kamfanonin bas suna soke layuka, ƙananan masana'antu masu riba suna rufewa don mai su ya tsufa ba magaji. A watan Afrilun 2024 doka ta taƙaita ƙarin lokacin aikin direbobin manyan motoci zuwa awa 960 a shekara, dokar da ta dace, amma nan take aka shiga fargabar wa zai kai kaya. Kasuwa ma tana sauya fuska: a 2024 kamfanin Oji ya sanar da daina yin kunzugun jarirai don kasuwar cikin gida, ya mayar da hankali kan na manya.

Abin da suke gwadawa

A watan Janairun 2023 firaministan lokacin, Kishida Fumio, ya faɗa wa majalisa cewa ƙasar tana gab da kasa tafiyar da al'amuranta na yau da kullum. Aka kafa hukuma ta musamman don yara da iyali, aka ware kimanin yen tiriliyan 3.6 a shekara don tallafin yara da reno da hutun haihuwa. Ana yawan kafa misali da ƙaramin garin Nagi a jihar Okayama, inda haihuwa ta kai 2.95 a 2019 bayan shekaru ana rage wasu kashe-kashe ana zubawa a kan iyalai. Ina girmama abin da suka yi, amma a matsayina na mai lissafi dole in ja hankalinka: gari mai mutum dubu biyar ko shida, jarirai goma kacal suna iya ɗaga lambarsa ko su sauke ta, kuma wani ɓangare na nasarar iyalai ne da suka ƙauro daga maƙwabta. Abin da kwarewar ƙasashe da yawa ta nuna shi ne tallafin kuɗi yana ɗan ɗaga haihuwa, ba ya mayar da ita biyu. Koriya ta Kudu ta zuba maƙudan kuɗi, amma a 2023 tata ta sauka zuwa 0.72. Kuma yawancin tallafin Japan yana zuwa ne ga waɗanda suka riga suka yi aure, alhali mun ga cewa ƙofar auren ce ta ƙuntata.

Inda suka fi cin nasara shi ne ƙara yawan masu aiki daga cikin waɗanda ke akwai. Sama da kashi 70 cikin ɗari na mata masu shekarun aiki yanzu suna aiki, ko da yake da yawansu na wucin gadi ne. Kimanin rabin masu shekara 65 zuwa 69 suna kan aiki. Wannan ne ya sa tattalin arzikin bai durƙushe ba. Gaskiya ne Sin ta wuce Japan a 2010, Jamus ma ta wuce ta a 2023, amma in ka raba abin da ƙasar ke samarwa da yawan masu shekarun aiki, za ka ga ba ta yi baya da sauran ƙasashe masu arziki ba. Sai dai wannan rijiyar tana da ƙasa. Mata da tsofaffin da za a iya jawowa sun kusa ƙarewa. Na'urori suna taimakawa a masana'anta da kanti, amma juya mara lafiya a gado da yi masa wanka da ba shi abinci a baki har yanzu aikin mutum ne.

Saura baƙi. Japan ta daɗe tana cewa ba ta da manufar karɓar 'yan ci-rani, alhali tana shigo da su ta ƙofar baya. Shirin "koyon sana'a" na 1993 ya kawo dubban matasa daga Biyetnam da Sin da Filifin da Indonesiya, ya ɗaure su ga mai gida ɗaya ba damar sauya aiki, kuma an sha samun zalunci a cikinsa har gwamnati ta yanke shawarar maye gurbinsa. A 2019 aka buɗe sabuwar biza ta masu sana'a wadda wani matakinta ke ba da damar kawo iyali da daɗewa. Ma'aikata baƙi sun haura miliyan biyu a 2023. Ra'ayina a nan a fili yake: ƙasar tana buƙatarsu, kuma wanda ka kira ya yi jinyar mahaifiyarka bai kamata ka ɗauke shi kamar kayan haya ba. Amma baƙi ba za su cike giɓin kusan mutum 900,000 a shekara ba, kuma da faɗuwar yen, matashin Biyetnam yana da zaɓin Koriya ko Taiwan ko Ostireliya.

Abin da na fi ganin hikima a ciki shi ne garuruwan da suka karɓi gaskiyar cewa za su ƙanƙance, suka fara shiri tun da sauran ƙarfi. Birnin Toyama ya gyara layin ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari a 2006, yana ba da tallafi ga wanda zai koma zama kusa da tashoshi, domin asibiti da kanti da makaranta su zama inda tsoho zai iya kaiwa ba tare da tuƙi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ko wannan yana da ɗaci, domin ma'anarsa ita ce wata rana za a ce wa mutane irin dattijon nan na Akita su bar gonar kakanninsu da maƙabartar danginsu. Da na taɓo masa maganar, bai yi musu ba, ya ce dai shi a nan za a binne shi.

Game da gaba, sana'ata tana da iyaka. Lissafinmu yana da ƙarfi a kan waɗanda aka riga aka haifa: muna iya faɗin yawan 'yan shekara ashirin a 2044 kusan daidai, domin suna nan a goye. Abin da ya shafi shawarar da matasa za su yanke a kan aure, ko yawan baƙin da siyasa za ta yarda su shigo, wannan zato ne da ake sabuntawa duk bayan ƙidaya, kuma hasashen hukumomin Japan a kan haihuwa ya sha fin abin da ya faru kyau. Hasashen da cibiyar binciken al'umma ta ƙasar ta fitar a 2023 ya ce zuwa 2070 jama'a za su koma kimanin miliyan 87, kusan kashi 39 cikin ɗari masu shekara 65 zuwa sama, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma baƙo ne. Miliyan 87 ba ƙaramin adadi ba ne, Japan tana da kusan haka a farkon shekarun 1950. Bambancin shi ne a wancan lokacin mutum ɗaya cikin ashirin ne ya kai 65, sama da kashi ɗaya cikin uku kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.